Waƙar Bajapane a Wutsiyar Kaset

A shekarar da zan ba ku labari, abin da na mallaka ba shi da yawa, kuma duk a kan takarda ɗaya yake tsaye. Shago ne mai ƙofa guda a unguwar Ƙurban ta Madina, da jerin rikoda a ɗakin baya, da ruksa, wato takardar izinin buɗe shagon, a rataye a bango. Da ruksar nan nake ciyar da gidana da gidan mahaifiyata. Da ita kuma abokin aikina Adamu, mutumin Chadi, yake zaune a ƙasar, don iƙamarsa, wato takardar zamansa, a kan shagon take. In an sauke ta daga bango, ni in koma neman aiki a ƙofar mutane, shi kuma a sa shi a jirgi da matarsa da 'ya'yansa. Waƙar wani Bajapane ce, wanda har yau ban san sunansa ba, ta kusa sauke ta.

Ku yaran yanzu in na ce na yi sana'ar kaset sai ku yi dariya. Kwanan nan jikana ya ce mini da Larabci, "Ya jaddi, ai danna maɓalli ne kawai." Na ce masa to zauna.

Na koyi aikin ne a hannun wani Balarabe Bahadarme mai gyaran rediyo da garmaho. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa maɓallin ɗauka ba. Aikina goge kan rikoda da auduga da kolonya, da warware zaren kaset ɗin da injin ya tauna. A yanke wurin da ya yamutse da reza, a karkace ba a miƙe ba, a haɗa da ɗan salatif ta baya, a sa fensir a rami a naɗe. Zafin Madina kuwa ba ya ƙaunar kaset. Direba zai bar shi a gaban mota daga hantsi zuwa la'asar, ya kawo maka shi a lanƙwashe kamar gurasa, ya ce a fitar masa da karatun da ke ciki. Sai ka fasa gidan, ka kwashe zaren ba tare da ya zube ba, ka mai da shi sabon gida. In hannunka ya yi rawa, shi ke nan. Bahadarmen yana da doka guda da yake nanatawa: kada kaset ya fita daga shago sai ka ji farkonsa, ka ji tsakiyarsa, ka ji wutsiyarsa. Wutsiya ita ce ragowar zaren da ke biyo baya in magana ta ƙare.

Da na buɗe nawa shagon, masu sayen kashi biyu ne. Akwai samarin unguwa da direbobi, masu son waƙoƙin Masar da na Sudan. Waɗannan a ƙarƙashin kanta kayansu suke, ba a baje su. Sai alhazai. A shekarun nan kusan duk alhajin da ya zo daga Najeriya ko Nijar sai ya sayi rikoda ya tafi da ita gida, wanda ya sayi rikoda kuwa yana son abin sawa a ciki. Nan na ga ƙofa. Na je unguwar Ƙiblatain wurin Malam Tanimu, dattijo ne ɗan asalin Sakkwato, abokin mahaifina, na roƙe shi ya karanta mini yadda ake aikin Hajji da Hausa, tun daga ɗaura harami har ɗawafin bankwana. Sai da na yi ta sintiri kafin ya yarda. Muryarsa a sanyaye take, yana bayani kamar yana magana da kai kaɗai. Kaset ɗin nan shi ya gina shagona. Shugabannin ayari kwali-kwali suke saye su raba wa mutanensu. Kowane kaset kuma sai na manna masa tambarin shagona, kore, da suna da unguwa, don a san inda za a dawo.

Wata Juma'a a farkon shekarun tamanin na tafi Yanbu. A lokacin ana gine-gine a bakin teku, ma'aikata daga ko'ina, nakan kai musu kaya in sayar a ƙofar sansaninsu. Ɗaya daga rikodata tana jan murya, na tafi da ita ko zan sami mai duba ta. Wani Bajapane mai aikin lantarki, gajere mai tabarau, ya karɓe ta, ya buɗe, ya canza mata ɗan robar da ya saki, ya ƙi karɓar komai. Ba ya jin Larabci, ni ba na jin nasa, da hannu muke magana da 'yan kalmomin Turanci. Da zan tafi ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙaramin faifai, irin mai waƙa ɗaya a kowace fuska. A jikin takardar akwai hoton wani saurayi, gashi har kafaɗa, riƙe da jita, baki a buɗe. Ya nuna mini da yatsa cewa sabuwa ce, ƙanwarsa ta aiko masa, kuma a ƙasarsu layi ake yi a saya. Shi ba zai iya shiga Madina ba tunda ba Musulmi ba ne, ya dai yi nuni da hanyar, ya yi dariya, wai faifan ya je a madadinsa.

Ban ɗauko shi don sayarwa ba. Na ga yana da amfani ne wajen gwada lasifika. Ganga ce ke buɗe waƙar, mai nauyi, sai jita ta shigo da ƙara, sai muryar mutumin ta hau sama kamar za ta tsage. In lasifika na da ciwo, waƙar nan sai ta tona shi. Ina cikin gwada wa wani saurayi rikodar mota sai ya ce, "Ammi Sale, esh hada?" wai mene ne wannan. Na ce na Japan ne. Ya ce a ɗaukar masa. Na ce waƙa ɗaya ce tak, ba za ta cika kaset ba, ta bayanta kuwa sanyi gare ta. Ya ce shi ba ya son ta bayan, a maimaita masa ta gaban har kaset ya cika.

Haka na yi. Na zauna ina ɗaga allura ina mayarwa, ina tsai da rikoda ina saki, har waƙar ta cika fuska biyu, babu ko taƙi na shiru a wutsiya. Wannan ya zama uwa, wato kaset ɗin da ake kwafar sauran daga gare shi. Kafin wata ya ƙare samari sun sa mata suna Yabani, wato ta Japan da Larabci. Babu wanda ya san me mutumin yake cewa, amma sun haddace ta. Sai ka ji yaro ɗan Takari, wanda Hausar ma ba ya mayar maka da ita, yana rera Japananci a bakin titi. Direbobin tasi suka kama. Mahaifiyata ta ji ta a motar ƙanena ta ce, "Wannan bawan Allah wa ya mutu masa?" Wani tsoho maƙwabcin shagona mai sai da turare ya ce shi bai ji waƙa ba, faɗan maƙera ya ji. Adamu kuwa tun farko bai so ta ba.

"Yaya Sale," ya ce, "abin da ba ka san ma'anarsa ba, ka manna masa sunanka?"

"Mutane ke so."

"In an tambaye ka me yake faɗi fa?"

Na ce ai ba mai tambaya.

Shekarar kuwa an tsaurara. Mutawwa'ai, wato 'yan hisba masu zagaya kasuwa, suka riƙa shiga shagunan kaset suna buɗe kanta. An rufe shagon wani da na sani a wata unguwa, aka sa jan kaki a kwaɗon, yana tsaye yana kallo. Sai labari ya zo mini cewa an tsai da wani yaro kusa da Ƙuba yana sa Yabani da ƙarfi ana shirin sallah, an karɓe kaset ɗin. Yaron ya rantse mini cewa ya ɓare tambarin tun da daɗewa. To sauran kaset ɗin da ke hannun samari fa? Washegari na sa aka gaya wa samari: duk mai Yabani ya kawo, in ba shi sabon kaset ya zaɓi abin da za a sa masa. Suka riƙa kawowa suna tsaki. Na farfasa faifan da uwar, na zuba a shara nesa da unguwa. Kaset ɗin da aka dawo da su kuwa suka cika kwali biyu a ɗakin baya.

Ɗan sana'a ba ya zubar da kaset mai lafiya. Kowa a kasuwar haka yake yi: a toshe 'yan ramukan da ke samansa da salatif, a ɗauki sabon abu a kan tsoho, sabon ya shafe tsohon yana tafiya. Amma iyakar inda ka ɗauka nan ya shafu. In ka tsai da rikoda, abin da ke gaba yana nan yadda yake. A kaset ɗin yau da kullum wannan ba ya damun kowa, don wutsiya shiru ce ko ragowar karatu.

Lokacin alhazai ya zo, sabon kaset ya yanke a kasuwa, jirgin da ake jira a Jidda bai sauke ba. Wani shugaban ayari ya zo yana son karatun Malam Tanimu na mutanen bas da yawa, kuma jibi za su tashi. Muka jawo kwalayen nan biyu. Ni da Adamu muka tsaya a kan rikoda, ana cirewa ana sawa, da zarar Malam ya yi sallama a fuska ta biyu sai a tsayar a zare a sa wani. Mun ji farko, mun ji tsakiya. Muka manna koren tambari, aka kai masauki.

Ranar tashinsu da hantsi wata tsohuwa ta shigo shago, 'yar Damagaram, da rikodarta sabuwa a naɗe cikin mayafi. Ayarinta sai gobe, amma masaukinsu ɗaya da waɗancan, ita ma an ba ta kaset ɗin.

"Ɗana, kai ne mai kaset ɗin Malam?"

"Ni ne, Inna."

"To Malam dai ya yi addu'a, mun shafa. Ina zaune ban tashi na kashe ba, sai aljannu suka kama kiɗa."

Na karɓa na sa, na tura gaba. Malam ya ce wassalamu alaikum. Aka yi ɗan ƙas. Sai ganga.

Adamu yana riƙe da kofin shayi, ya ajiye shi a kan kanta a hankali. Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Sun tashi?" Na ɗaga waya na kira masaukin, aka ce bas sun fita tun ɗazu, suna Bi'ir Ali, wurin ɗaura harami.

Ku kun san Bi'ir Ali yanzu da gyaransa. A lokacin fili ne da masallaci da wuraren wanka, bas a jere cikin rana, mutane fari fat ana ta Labbaika. Daga nan in bas ta ɗau hanyar Makka, shugaban ayari zai sa kaset ɗin Malam kowa ya ji, kuma hanyar doguwa ce, babu mai tashi ya kashe in Malam ya gama. Mutane cikin harami, a hanyar Ɗakin Allah, da muryar malamin da aka sani, da sunan shagona a manne. Muka kwashi duk kaset ɗin karatun Alƙur'ani da ke kan kanta muka zuba a mota. Ban tuna na kulle shagon ba, mai turare ne ya ja mini ƙofa.

Muka raba bas ɗin, Adamu ta hagu ni ta dama. Ina hawa ina cewa, "Alhazai, a yi haƙuri, kaset ɗin Malam akwai kuskure a ciki, a kawo a karɓi wani." Karɓar abu daga hannun alhaji ba wasa ba ne. Wannan ta ƙulle nasa a ƙasan jaka, jakar tana saman bas. Wancan ya ce shi ya ji nasa lafiya lau. Wata ta ce kyautar shugaba ce, ba ta bayarwa sai ya ce. Na sami shugaban ayarin yana fitowa daga wanka, na ja shi gefe na gaya masa gaskiya. Sai ya shiga bas da kansa yana karɓa. Shi ne ya gaya mini cewa bas biyu sun riga sun wuce.

Muna cikin haka wani alhaji ɗan Kano, ƙato, mai sai da yadi ne a gida, ya ce shi ba a yi masa wayo. Ya sauko da rikodarsa, irin mai lasifika biyu, ya ɗora a kan matakalar bas.

"Wane kuskure? Malam ne ya yi kuskure ko ku? Bari mu ji."

"Alhaji, don Allah kada ka sa."

"Kai, ni na san 'yan kasuwa. Na mai kyau za ku karɓe ku ba mu na banza."

Ya juya fuska ta biyu ya tura gaba. Ya saki daidai inda Bajapanen yake tsakiyar ihu. Ƙarar ta cika filin. Masu Labbaika na kusa suka yi shiru, kawuna suka juyo. Adamu ya yi tsalle ya fizge murfin baya, batir suka zube a ƙasa suna gangarawa.

Alhajin ya kumbura. Ya damƙi wuyan rigata, ya ɗaga ɗaya hannun, bakinsa ya buɗe. Wani tsoho a tagar bas ya ce, "Alhaji, haraminka." Hannun ya tsaya a sama. Mai harami ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya jayayya, kuma bai daɗe da yin niyya ba. Na ga zagin ya zo masa har leɓe ya haɗiye. Ya sake ni, ya gyara mayafinsa da ya zame, ya ce yana huci, "Ka gode wa Allah. Da jiya ne." Ya juya ya ce Labbaika da ƙarfi kamar da ni yake.

Cikin dukan mutanen nan babu wanda ya zage ni, don babu mai iko. Suka riƙa miƙo kaset ta taga ba sa kallona.

Ban ga zuwan wani mutawwa'i ba sai da ya tsaya a gefena. Riga gajera, gemu, ɗan sanda a bayansa. Ya ce da Larabci mene ne wannan. Na ce kaset ne ya lalace, muna canzawa. Ya miƙo hannu. Ya zare kaset ɗin daga rikodar Alhaji, ya karanta koren tambarin a hankali, suna da unguwa. Ya tambayi muryar wa ke ciki kafin kiɗan. Wani ya ce Malam Tanimu. Ya sa kaset ɗin a aljihu ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ina buɗe shago ina zama a bakin ƙofa. Na kwashe duk abin da ke ƙarƙashin kanta. Duk motar da ta rage gudu a layin sai in miƙe. Adamu ya daina zuwa da abincin rana, ya ce matarsa ta fara ɗaure kaya, ta sai da keken ɗinkinta. Na je gidan Malam a Ƙiblatain aka ce ba ya nan. Na koma aka ce yana hutawa. Takalmansa suna ƙofa.

Shi ya zo da kansa, bayan azahar, da sandarsa. Bai karɓi kujera ba.

"Salihu."

"Na'am, Baba."

"An kira ni. An sa mini a gaban mutane. Na ji kaina ina yi wa alhazai addu'a, sai na ji abin da ya biyo."

Na durƙusa. Ya ce in tashi, ba wannan ya kawo shi ba.

"Sun tambaye ni ko da gangan ka yi, don ka yi wa addini izgili. In na ce ban sani ba, ka san sauran. Na ce na san ubanka, tare muka yi maƙwabtaka. Na ce ganganci ne na kasuwa, ba na zuciya ba. Na sa hannu a kanka."

"Allah ya saka, Baba."

"Za su zo gobe su rufe shagon, ba za a buɗe ba sai bayan alhazai sun watse. Takardarka ba za su taɓa ba. Za ka rubuta musu cewa ka bar kiɗa." Ya dubi Adamu, wanda ya jingina da bango. "Kai kuma ka ce wa iyalinka su kwance kaya."

Sannan ya ce in kawo masa uwar karatunsa. Na kawo. Ya ce da wadda nake ɓoyewa saboda tsaro. Na kawo ita ma. Ya sa su a aljihun jabbarsa.

"Me mutumin yake cewa a waƙar?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba," ya ce. "Bas biyun da suka wuce, mutanen ƙauye ne. Za su kai shi gida su tara iyali su ce ga malamin Madina."

Ya fita. Ya ci gaba da amsa gaisuwata har ya rasu, ya zo sunan 'yata, amma bai ƙara magana a gaban rikoda ba, tawa ko ta wani.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Kakar alhazai ta shekarar ta wuce ina zaune a gida, ita ce kuwa ke ciyar da sauran watanni, sai da na sai da mota da rabin rikodar ɗakin baya. Samari suka koma wani shago. Shugabannin ayari suka yi shekaru ba su leƙo ni ba, da suka dawo kuma abin da suke nema ba ni da shi, na gwada malamai uku ba wanda alhazai suka karɓa. Kaset ɗin bas biyun nan ko ɗaya bai dawo hannuna ba. Ruksa ta zauna a bango. Adamu ya tsufa a Madina, a nan aka binne shi, 'ya'yansa kun san su. Shagon ya ci gaba da ciyar da gida biyu har kaset ya mutu, amma bai sake kai inda yake ba lokacin da muryar Malam ke cikinsa.